A Gaida Mini Yaya Zamani

Duk wanda ya zauna a Minna tsakanin samun mulkin kai da ƙarshen yaƙin basasa, in dai ya taɓa hawa Gidan Tudu kallo, to ya san Rifkatu mai gasasshiyar masara, ko da bai san sunanta ba. Doguwar mace ce baƙa, marar yawan magana, kafaɗarta ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda ɗaukar kaya tun tana ƙarama. Rumfarta tana gindin tudun, daidai inda hanyar mota ta ƙare, matakalar dutse ta fara.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Gwada. Ubanta manomin doya ne, 'ya'yansa da suka rayu biyu ne rak, ita da yayanta Zamani, wanda ya girme ta da shekara bakwai. Tana da shekara goma sha uku, a daminar 1937, labari ya iso ƙauyen cewa wani Bature mai haƙar zinariya yana gina gida a kan tudu bayan garin Minna, yana neman hannu. Zamani ya tafi leburanci, ita kuma ta bi matan ƙauyensu masu ɗaukar dutse. Daga gindin tudu suke lodi a cikin manyan ƙore, su saɓa a kafaɗa yadda matan Gbagyi suka saba, su hau, su zube, su sauko.

Gidan kansa an riga an gama shi, bene na dutse mai baranda ta zagaye. Lambun ne ya rage. An yanka jikin tudun hawa biyar kamar matakala, kowane hawa da katangar dutse mai tare ƙasa. Helman aikin, wato shugaban leburori, wani mutumin wajensu ne, Shekwolo, ƙaƙƙarfa mai kaifin murya, wanda ɗan yatsansa na hagu guntu ne. Shi ya yi wa Bature alkawarin gama lambun kafin matarsa ta iso a jirgin ƙasa daga Ikko, kuma saura kwana tara.

Aka yi kwana biyu ana ruwa. Rana ta uku da safe Rifkatu ce ta fara isowa hawa na uku da kayanta, sauran mata suna can ƙasa, maza kuma suna fasa dutse. Ta tarar da Shekwolo yana nuna wa Zamani bakin kwalbatin da ke gindin katanga. Kwalbatin ya toshe, ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin duwatsu. Zamani ya ce katangar ta yi ciki, a bari rana ta fito. Shekwolo ya ce ba lokaci. Zamani ya ɗauki shebur ya durƙusa ya shiga. Rifkatu ba ta ma sauke ƙwaryarta ba katangar ta sunkuyo gaba ɗaya, ƙasar da ke bayanta ta biyo ta, jar laka mai nauyi, ta rufe wurin.

Ta yar da kaya ta faɗa kan lakar tana tono da hannu. Shekwolo ya kama damtsenta ya ɗaga ta. Ya tsaya ya kasa kunne, ya daɗe a haka. Sannan ya dube ta ya ce, "Ba kowa a nan. Yayanki ya fita ta wancan gefen."

Da maza suka hauro da gudu, ya ce musu a gode wa Allah ba wanda abin ya rutsa da shi. Rifkatu tana ihu tana nuna wurin, ya ce yarinya ce ta firgita. Kafin yamma ya sanar cewa Zamani ya gudu ramukan zinariya da shebur da digar Bature. Tone wurin zai ci mako guda, saboda haka ya sa aka daɓe ƙasar, aka ja sabuwar katanga a gaban wadda ta faɗi. Matar Bature ta iso ta tarar da furanni a jere.

Uban ya zo daga ƙauye neman ɗansa, aka tsare shi kwana uku a ɗakin masu gadi a kan kayan aikin da aka ce an sace. Ya koma gida da sunan uban ɓarawo, bai ƙara tada maganar ba har ya mutu. Abin da ya fi ci wa Rifkatu rai shi ne uwarta. Tsohuwar ta gwammace maganar helma a kan ta 'yarta, domin a maganar helma ɗanta yana da rai. In Rifkatu ta buɗe baki sai ta ce, "Rufe mini baki, kada ki yi masa mugun fata." Shekara goma sha ɗaya tana ajiye masa tuwo a rufe, tana tambayar duk fatake da suka biyo ta ƙauyen ko sun ga wani dogon saurayi. A haka ta rasu.

Rifkatu ta auri Philip, ma'aikacin reluwe mai gyaran layin dogo. Aiki ya yi ta yawo da su, Kafanchan, Zariya, Gusau, suka haifi 'ya'ya huɗu, babbansu Jiya. Sau ɗaya ta ba Philip labarin, a shekarar farko ta aurensu, ya saurara ya ce Allah ya isa, ba su sake komawa kansa ba. A 1963 ya yi ritaya suka dawo Minna, suka kama gida a Tunga. Daga ƙofar gidan ana hango jan rufin Gidan Tudu. Ta mayar da murhunta bayan ɗaki don kada ta riƙa ganinsa.

Bature ya daɗe da komawa ƙasarsu. Wani ɗan kwangila, Alhaji Maiwada, ya sayi gidan, amma a Kaduna yake zaune, sai ya bar lambun a buɗe ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kowa ya shiga ya sha iska. Ran Litinin bayan Ista ta 1964 zumuntar matan cocinsu ta shirya zuwa kallo. Rifkatu ta ce ƙafarta na ciwo. Hannah, shugabar zumunta, mace mai fara'a da ba ta karɓar uzuri, ta zo har gida ta ce, "Maman Jiya, ke kaɗai za ki zauna? Ai ko goyo ne ma goya ki." Rifkatu ta ɗaura ɗankwalin zumunta ta bi su. Daga baya ta ce ba Hannah ce ta ja ta ba, ita ce ta ji tana son ta tsaya a wurin ko sau ɗaya, ta yi addu'a a ranta.

Lambun ya girma fiye da yadda ta yi zato. Itatuwan lemo da gwaiba da ta bari tsirrai sun zama inuwa, jajayen furanni sun lulluɓe katangu, ga ɗan tafki a hawa na farko da kifaye masu launi suna yawo. Mata suka yi ta taɓa ganye suna shinshinawa. Wani tsoho cikin farar riga da hula ya fito daga ɗakin ƙofa yana dogara sanda, aka ce musu shi ne Baba Irimiya, sarkin lambu, dattijo ne a cocin Bosso, kuma da hannunsa aka gina wurin. Sunan bai ce mata komai ba. Sai da ya ɗaga hannun hagu yana nuna baranda ta ga guntun yatsan, sannan ta gane muryar da tsufa ya disashe. Shekwolo ne, ya yi baftisma ya sake suna.

Ya iya ba da labari. Ya nuna musu ɗakin da Bature yake auna zinariya, da tagar da matarsa take zama tana ɗinki, da bahon wanka da aka kawo daga Ingila, maza goma sha biyu suka hau da shi. Ya ce, "Duk girman aikin nan, 'ya'yana, ko farce ba wanda ya rasa. Ikon Ubangiji." Mata suka ce amin.

Daga hawa na biyu sai ya ratse da su ta wata 'yar matakala a gefe, wadda ta kai su hawa na huɗu kai tsaye. Wata ta tambaya me ya sa aka tsallake na uku, ga shi ya fi ko'ina kore. Ya ce santsi ne da shi. Rifkatu ta bar layi ta sauka can ita kaɗai. Ciyawa ta kai gwiwa, ba sawun kowa. Ta tsaya gaban katangar, addu'ar da ta shiryo ta ƙi zuwa.

Daga sama ya kira ta, "Mama, dawo nan, ba a bi ta wurin."

Ta ɗaga kai ta ce, "Baba Shekwolo, ka ce ko farce ba a rasa ba. To ina Zamani?"

Sandar ta kusa kuɓuce masa. Ya dube ta, ya dubi matan, ya ce shi bai san wani mai wannan suna ba, leburori da yawa sun zo sun wuce. Ta faɗi abin da ta gani tun daga farko, muryarta na rawa, ba ta tsara shi da kyau ba. Hannah ta sauko ta riƙe ta tana cewa rana ce ta buge ta, sauran suka ba tsohon haƙuri. A hanyar komawa ba wadda ta yi waƙa.

Philip ya ce ta bar wa Allah. Ta je wajen wani magatakardan kotu da suka sani, ya tambaye ta shaida, ta ce ita ce shaida. Ya ce yarinyar shekara goma sha uku, maganar shekara ashirin da bakwai, gaban dattijon coci, kada ta ɓata ƙafarta. Ta dawo gida ta yi mako biyu ba ta cin abincin kirki. Abu ɗaya ne yake ta dawo mata: mutumin nan yana tsoron hawa na uku. Shekarun nan duka yana kwana yana tashi a lambun, amma ya sa an gina matakala ta musamman don kada ya taka wurin.

Da masara ta nuna ta ɗauki kaskon gawayi da kujera ta tafi gindin tudun ta zauna. Ita kanta ba ta san abin da za ta yi ba, ta dai so ya riƙa ganinta. Asabar ta biyu wani malamin makaranta ya tsaya da matarsa suka sayi masara. Suna juyawa bakinta ya ce, "Malam, in kun kai hawa na uku, a gaida mini Yaya Zamani."

Malamin ya ce to, a zatonsa wani ma'aikaci ne. Da suka sauko ya tsaya ya ce mata, "Mama, ba mu ga yayan naki ba. Mun tambayi tsohon nan ina Zamani, ƙanwarsa na gaishe shi, sai kawai ya zauna a ƙasa. Sai da muka ba shi ruwa."

Rifkatu ta ƙara masa masara ɗaya kyauta. Ranar ta koma gida ta ci tuwo malmala biyu.

Tun daga nan ba wanda ya hau matakalar nan bai tafi da saƙonta ba. Ma'aikatan reluwe da iyalansu, 'yan makarantar mata da malamarsu, amare da angwaye masu zuwa ɗaukar hoto, 'yan kasuwar Kano da suka sauka jiran jirgi. Ba ta ba kowa labari sai wanda ya tambaya, kuma ba ta ɗaga murya. Gaisuwa ce kawai, wa zai ƙi kai gaisuwa? A rana ɗaya sai mutum ashirin su tsaya gaban Baba Irimiya, da fara'arsu, su ce ina Zamani. Ya gwada cewa ya yi tafiya. Ya gwada cewa matar mahaukaciya ce. Masu saukowa suka riƙa tambayarta, ita kuma ta nuna musu kafaɗarta ta faɗi abin da ta gani, yanzu kam a tsare, ba rawar murya. Kafin shekara ta zagayo, mutanen gari sun daina cewa hawa na uku, sai Hawan Zamani.

Wata Asabar da hantsi, kafin baƙi su fara zuwa, tsohon ya sauko da kansa. Ya rame. Ya tsaya gaban kaskon ya ce, "'Yata, me kike so da ni?"

Ta ce, "Ni ba 'yarka ba ce."

Ya ce, "Ya riga ya mutu. Kin gan ni, na tsaya na saurara, ban ji komai ba. Mutum sittin ke ci daga aikin nan. Da Bature ya ji an mutu ta dalilin gaggawata, da ni da su duk korarmu zai yi. Wanda ya tafi ya tafi, na duba na raye."

Tana juya masara ta ce, "Kai ba ka ji ba. Ni na ji. Shebur yana bugun dutse."

"Ƙarya ne. Yarinya ce ke."

"To mu tona mu gani. Ka tsaya gaban ikilisiya ka faɗa da bakinka, ka ce ba ɓarawo ba ne, sannan a tona. Ran da ka yi haka zan ɗauke kaskona."

Ya ce ta ji tsoron Allah, shi tsoho ne, yana da 'ya'ya da jikoki a garin nan. Ta ce uwarta ma tsohuwa ce. Ya juya ya hau, yana hutawa bayan kowane taku biyar, ita kuma tana kallon bayansa har ya shige.

Bai yi shiru ba. Ya kai ƙara wajen dattawan coci, faston su Rifkatu ya zo gidanta da Hannah. Suka karanta mata wuraren da aka ce a yafe, suka ce tana ɓata sunan bawan Allah ba hujja. Ta saurara har suka gama, ta ce ta ji, amma Asabar tana can. Aka dakatar da ita daga cin jibin Ubangiji. Ta ci gaba da zuwa sujada, tana zama a bencin baya, in an zo rabon gurasa ta naɗe hannu. 'Yarta ta biyu ta ce a makaranta ana kiranta 'yar mai gaida fatalwa, ta yi kuka ta roƙe ta ta bari. Rifkatu ta share mata hawaye, ba ta bari ba.

Philip ne ya ba ta mamaki. Wata uku ba ya mata maganar, sai wata Juma'a ya ɗauki tsofaffin katakan layin dogo da kwanon rufi huɗu, ya tafi gindin tudun ya kafa mata rumfa. Da ta tambaye shi, ya ce, "Tunda ba za ki bari ba, kada ruwa ya riƙa dukanki." In masara ta ƙare ta koma gyaɗa, in gyaɗa ta ƙare ta gasa doya.

Lokacin yaƙi baƙi suka ragu, sai sojojin da jirgi ke saukewa a tasha kafin a wuce da su kudu. Su ma ta ba su saƙo. Wani saje da ya ji labarin ya ce yau sai ya ga Zamanin nan. Ya tasa tsohon gaba, rabi wasa rabi gaske, ya ce ya kai shi wurin. Waɗanda suka gani sun ce a bakin ciyawar Baba Irimiya ya zube ƙasa, ya rarrafa ya kama takalmin sajen yana roƙo, ya jiƙa wandonsa a gaban mutane. Hannah ce ta kawo wa Rifkatu labarin, tana cewa, "Yanzu dai ai ya isa haka." Rifkatu ta sa ta maimaita mata wurin rarrafen, ta ce bai isa ba.

A farkon 1971 Alhaji Maiwada ya yanke shawarar mayar da gidan masaukin baƙi. Ya zo ya tarar leburori sun ƙi yanke ciyawar hawa na uku, kafintoci sun ƙi cin abinci a lambun, direbansa ma ya san labarin. Ya tsayar da mota gaban rumfar ya fito. Mutum ne mai son a gama magana da wuri.

Ya ce, "Baiwar Allah, ke ce kika sa wa gidana suna?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sunan ya riga ka shiga gidan."

Ya ji ta har ƙarshe a tsaye. Sannan ya ce zai sa a tona, domin ba zai zuba dukiya a gidan da ake ce wa kabari ba. In an samu, ta kwashi ɗan'uwanta. In ba a samu ba, ta kwashe rumfarta, kuma kada ya sake jin sunan nan. Ta ce ta yarda.

Aka fara ran Litinin. Alhaji ya ce Baba Irimiya ne ya san ginin, shi zai nuna inda tsohon kwalbatin yake. Aka ajiye masa kujera a bakin hawa na huɗu, daga can ya miƙa sanda ya nuna ƙuryar gabas. Rifkatu ta ce ba nan ba ne, ba wanda ya saurare ta. Kwana biyu ana tono, sai jar ƙasa da saiwoyi. 'Yan kallo da suka cika lambun suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ran Laraba da safe Alhaji ya ce a mayar da ƙasa, ya cika alkawarinsa.

Rifkatu ta je bakin matakalar hawa na uku, inda take sauke numfashi da kaya tana yarinya, ta taka a hankali zuwa yamma har ƙafarta ta tsaya da kanta, kusa da wani icen gwaiba. Ta karɓi diga daga hannun wani lebura ta fara sarar katangar. Shekararta arba'in da bakwai. Philip ya tuɓe riga ya karɓe ta. Can sai ga Hannah, wadda ta zo don ta raka ta gida in an ji kunya, ta ɗaura zane ta ɗauki kwanon ƙasa ta saɓa. Mata huɗu na zumunta suka bi ta. Alhaji ya duba agogo, ya yi tsaki, ya ce wa leburori su taimaka zuwa azahar.

Ba a kai azahar ba diga ta ci karo da tsohuwar katangar, a kwance bayan sabuwar. Dariya ta ɗauke. Suka ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya har bakin kwalbatin ya bayyana. Wani faffaɗan dutse ya faɗo a kansa ya rufe shi kamar ƙofa, ciki kuwa rami ne da mutum zai iya tsugunawa, laka ba ta cika shi ba. A nan yake. Ƙasusuwan suna jingine da bango, ba wanda ya karye, munduwar tagulla da uwarsu ta sa masa tana hannun hagu. Bakin shebur ɗin ya lanƙwashe, kuma a jikin dutsen da ya rufe ƙofar akwai zane-zanen sara, da yawa, wasu sama wasu ƙasa. Kowa ya ga abin da hakan yake nufi: da ransa aka rufe shi.

Alhaji ya cire hula. Ya ce a sauko da tsohon ya gani. Maza biyu suka riƙo shi, ya leƙa ramin sau ɗaya, ya rufe fuska da hannu biyu. Rifkatu ba ta yi kuka ba. Ta matsa kusa da shi yadda zai ji, ta ce, "Ka ce ba ɓarawo ba ne."

Ya ce, "Ba ɓarawo ba ne."

"Ba su ji ba."

Ya sake faɗa da ƙarfi. Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa, ita da Philip suka kwashe ƙasusuwan.

Ba a kai Baba Irimiya kotu ba, an ce ba shi ya ture katangar ba, kuma shekaru sun yi nisa. Alhaji ya sallame shi a ranar. Cocin Bosso ta sauke shi daga dattijo. Ya koma gidan 'yarsa Magdalene, ya daina fita ko ƙofar gida. Rifkatu ta kai Zamani ƙauyensu ta binne shi kusa da uwarsu, ta sa aka tara duk tsofaffin da suka rage, waɗanda suka taɓa kiran ubanta uban ɓarawo, suka tsaya a rana har aka gama.

Bayan wata takwas Magdalene ta zo Tunga ta durƙusa a tsakar gida. Ta ce Baba yana kwance, ba ya ci, sunan Mama kawai yake kira, don girman Allah ta zo. Philip ya zaci za ta ƙi. Ta ɗauki mayafi ta bi ta.

Ta same shi a kan tabarma, ya zama ƙashi da fata. Ya miƙo hannu, ba ta karɓa ba, ta ja kujera ta zauna. Ya ce ta yafe masa, yana tsoron tafiya a haka. Ta ce ta zo ne ta gaya masa abin da bai sani ba. Ta ba shi labarin uwarta daga farko har ƙarshe, yadda take fita bakin hanya duk ran kasuwar Gwada, yadda ta ƙi a taɓa gadonsa, yadda a ciwon ajalinta ta riƙa cewa a bar ƙofa a buɗe. Ta ɗauki kusan awa ɗaya, ba ta tsallake komai ba. Yana hawaye, Magdalene na kuka a bakin ƙofa. Da ta gama ta miƙe.

Ya ce, "Kin yafe?"

Ta ce, "Wanda ya sari dutsen nan ne zai yafe maka, ga shi za ka same shi." Ta fita. Bayan kwana shida ya mutu, ba ta je jana'iza ba.

Fasto ya kira ta a kan maganar jibi. Ya ce ikilisiya ta yi kuskure da ta ƙaryata ta, amma dole ya tambaye ta ko ta yafe. Ta ce ba za ta yi ƙarya a ɗakin Allah ba, ba ta yafe ba, sai dai ba ta da sauran abin da take nema a wurin kowa. Ya ce ta zo ran Lahadi ta zauna a gaba, sauran ya rage tsakaninta da Mai sama.

Ta bar rumfar ga wata mai ƙosai, ta koma sayar da doya a babbar kasuwa, inda ta yi suna da iya zaɓe. Magdalene ma a kasuwar take cefane. Duk ran da ta biyo ta layin 'yan doya, Rifkatu takan ɗaga kai ta ce, "Sannu, Magdalene, ya yara?" Magdalene takan wuce kamar ba ta ji ba, ta je rumfa ta gaba ta saya. Rifkatu ba ta taɓa jin haushin haka ba. Ta gaya wa Philip cewa da ita ce, haka za ta yi.